Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Warin dafaffen ganyen dogon yaro ba ya yi mini daɗi, amma in ana dafa shi ba na barin wurin. Shekaranjiya matar ɗana ta ɗora tukunyarsa a tsakar gida, za ta yi wa yaronta wanka saboda zazzaɓi. Tururin ya biyo iska ya same ni a zaure ina gyaran ƙotar fartanya. Na ajiye fartanyar. Warin nan ya mayar da ni wani ɗakin jinka a ƙauyenmu, can bayan Gozaki, cikin wata marka da na kusa barin duniya saboda uwata ta kira sunana.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Zan faɗa maka yadda aka yi, ka ɗauka yadda ka ga dama.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. In kai ɗan yanzu ne sai na yi maka bayani. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, a can na tashi. In Inna za ta aike ni sai ta ce "kai". In tana magana a kaina sai ta ce "wannan yaron". Ko wani ne a gari sunansa ya zo ɗaya da nawa, sai ta kewaye ta ce ɗan gidan wane. Ƙannena kuwa tun daga bakin rijiya take ƙwala musu kira, kowa da sunansa. Ban ji haushi ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a garin. Kuma na sha tarar da ɗan kifi a ɓoye ƙarƙashin tuwona, na kuma san ba Kaka ce take zuba tuwo ba.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Aikinta kaɗi. Kullum da la'asar tana gindin rumbu da mazarinta da allinta, tana jan zare daga auduga, ni kuma ina gefe ina cire mata angurya. Mijinta take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Miji ba noma, ba cefane, sai buɗe baki," in ji ta. A gindin rumbun nan ta yi mini gargaɗin da ya zauna mini a kai.

"Mijina, in ka ga ana ba ka abinci a mafarki, rufe bakinka. Masu kama kurwar mutum da fuskar na gida suke zuwa. Ko ni ce na miƙo maka, kada ka karɓa."

Na ce, "In nama ne fa?"

"In nama ne ai ka tabbata ƙarya ce. Yaushe rabonka da nama a gidan nan?"

Na yi dariya, amma na riƙe maganar. Yaro ba ya zubar da irin wannan.

Shekarar da abin ya faru ban isa riƙe garma ba, kiwon awaki nake yi. Marka ta yi marka. Ruwa ba ya zuwa da ƙarfi, ba ya kuma tafiya, sai yayyafi daga safe har yamma. Bangon ɗakuna ya jiƙe ya yi baƙi daga ƙasa. Masara ta yi goyo, dawa ta wuce tsawon mutum, rumbu kuma ya yi ƙasa, ana auna hatsi da hankali. Itace duk ɗanye, in an hura wuta hayaƙi ya fi wutar yawa. Kwaɗi ba sa shiru, sauro ba ya jiran dare. Na dawo daga kiwo wata rana ina rawar sanyi, na kwanta a tabarmar Kaka. Daga nan lissafin kwanaki ya ɓace mini. Na tuna an lulluɓe ni da bargo a kan tukunyar dogon yaro, na tuna ɗacinsa a maƙogwarona. Sauran kuwa barci ne, kuma da rana tsaka mafarki ya fi zuwa mini.

Na buɗe ido na ji jikina sakayau. Rana ta fito. Na miƙe na fita tsakar gida. Inna tana zaune a kan kifaffen turmi. Ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, ta yi murmushi, ta kira sunana. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ashe haka yake da daɗi. Ta miƙo mini ƙwaryar fura da nono. Na kai baki ke nan sai na lura ƙasan tsakar gida busasshiya ce, har da ƙura, alhali marka ake yi. Awakina kuma suna tsaye a kan jinkar ɗaki suna kallona. Sai na farka.

Ina kan tabarma, Kaka tana gefe tana kaɗi. Na ce mata na yi mafarki, na ba ta labarin awaki a kan jinka. Ta yi dariya. Na ga haƙora farare tas cike da bakinta. Kafin in yi magana Inna ta ɗaga asabari ta shigo da kwano, ta kira sunana. Sai na sake farkawa.

Wannan karon komai daidai yake. Ruwa yana ɗiga daga jinka a kan ƙafata, ina jin sanyinsa. Kaka tana gyangyaɗi, bakinta a buɗe, dasashi zalla. Na ce to, yanzu kam na tashi. Fitsari ya matse ni, na dafa bango na miƙe, na ɗaga asabari. Babu tsakar gida. Kasuwar Malumfashi ce a ƙofar ɗakin Kaka, da buhunan auduga da jakuna da hayaniya, ga Inna a tsakiyar mutane riƙe da gasasshiyar masara tana kiran sunana.

Ban san sau nawa aka yi haka ba. Babu dodo a ciki, babu mai bi na da gudu. Abin tsoron shi ne ba ka da inda za ka taka ka tsaya. Kamar ka faɗa rijiya, ka yi ta hawa har ka kai baki, ka leƙa, ka tarar bakin nan a gindin wata rijiyar yake. Na gaji da murna. Duk sa'ad da na ce na fito, sai a nuna mini ban fito ba.

Sai na fara neman alama. Yaro ne ni, amma kiwo ya koya mini lura. Na duba na ga komai yana canzawa daga farkawa zuwa farkawa. Wani lokaci rana, wani lokaci ruwa. Wani lokaci Kaka da haƙora, wani lokaci babu. Abu ɗaya ne ba ya canzawa. Matar nan mai fuskar Inna tana duba na cikin ido, tana kiran sunana, kuma da abinci a hannunta. Na haɗa wannan da gargaɗin Kaka, na yanke hukunci. Duk inda na ji sunana a muryar Inna, mafarki ne, kuma bakina a rufe.

Da na sake buɗe ido, kaina yana kan cinyar Inna. Ɗankwalinta ya zame, idanunta sun kumbura. Tana shafa goshina tana kiran sunana, tana maimaitawa, kamar mai biyan duk wanda ba ta kira ba tun haihuwata. Ga ludayin kunu a hannunta. Na dube ta na ce a raina, kin sake dawowa. Na datse haƙorana.

Wannan karon kuwa na farka da gaske. Ni ne ban sani ba.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru. Zazzaɓin ya yi zafi har na sanƙare, idona ya juye. Inna tana daka ta ji salatin Kaka, ta yar da taɓarya, ta faɗa ɗakin uwar mijinta ba sallama, ta ɗauke ni ta rungume. Babu wanda ya ce mata komai, kowa ya ɗauka ban kwana take yi. Baba ya ɗora kekensa a ka ya tsallake rafi, ruwa har ƙirji, ya tafi Malumfashi. Wani mai kemis, ɗan kudu amma haihuwar garin, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce a daka a zuba a kunu, in yaro bai sha ba a kawo shi asibiti ko a goye. Baba ya dawo da ƙyar. Bayan ya tsallako, rafin ya ƙara cika, babu mai sake bi ta nan da yaro a baya. Magani yana cikin gida, ni kuma na ƙi buɗe baki.

An yi duk abin da aka sani. Malamin unguwa ya yi rubutu aka wanke, na ƙi sha. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, aka turnuƙe ɗakin da turare har Kaka ta yi ta tari. Yayan Baba ya ce a danne ni a ɗura mini. Suka danne ni, na ciji ludayin duma har ya tsage, abin da ya shiga ya sarƙe ni na yi shuɗi, dole suka bari. Duk abin nan ina gani, ina jin zafinsa, amma na riga na ji zafi a mafarkan baya. Kuma duk sa'ad da na ƙi, sai Inna ta ƙara matse ni a jikinta, ta ƙara kiran sunana tana roƙona. Ita tana ganin kiran ne zai jawo ni. Ni kuma kowane kira yana ƙara tabbatar mini ba a duniya nake ba. Leɓuna suka tsattsage. Harshena ya zama kamar fatar da aka shanya. Baba ya daina shigowa ɗakin, yana zaune a zaure da mutane.

Kaka ce ta kori kowa. Inna kaɗai ta ƙi tashi, ita ma ba ta matsa mata ba. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna kusa da kaina.

"Mijina, fushi kake da ni? Ko ka samu wata yarinya a can?"

Na ƙara datse haƙorana.

"To ko saki na za ka yi, sha kunu ka samu ƙarfin faɗa. Ba a sakin mace a kwance."

Muryata ta fito da ƙyar. Na ce, "Ke kika ce kada in ci."

"Ni? Yaushe?"

"A mafarki. Kin ce ko ke kika miƙo."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Wa ya ce maka mafarki kake yi?" Ta mintsine ni a cinya da ƙarfi. "Ka ji zafi?"

"Na ji. Ɗazu ma na ji, kuma na farka."

Ta buɗe baki ta nuna mini dasashinta, ta ce in taɓa jiƙaƙƙen bango, ta ce in saurari kukan awakina a turke. Na ce duk na gani a baya. Ta matso da kunnenta kusa da bakina.

"To me ka gani da ya sa ka ce mafarki ne?"

Na ɗaga ido na dubi matar da kaina yake kan cinyarta. Na ce, "Wannan ba Inna ba ce. Inna ba ta kiran sunana."

Hannun da yake shafa goshina ya tsaya. Ruwa yana ɗiga a cikin kaskon da aka tara. Can Kaka ta miƙe, ta zare kaina daga cinyar Inna ta ɗora a kan tsumma, ta taɓa kafaɗarta, suka fita. Na ji muryar Kaka daga tsakar gida, ta ɗaga ta yadda har zaure za a ji.

"Tun da nake ban taɓa ganin rashin kunya irin ta kwanakin nan ba. Mace ta tare a ɗakin uwar mijinta, ta rungume ɗan fari kamar ita kaɗai ta taɓa haihuwa. Ɗaura ɗankwalinki ki je ki kama aikinki."

Daga nan muryar ta yi ƙasa, ban ji sauran ba.

Kaka ta dawo ita kaɗai, ta ɗauki mazarinta ta shiga kaɗi, ba ta ko dube ni ba. Ina kwance ina saurare. Na ji ana shara. Na ji ana fasa itace. Na ji Inna tana yi wa ƙanwata faɗa a kan ta bar kaji sun shiga madafa, da muryarta ta kullum, mai kaifi, mai sauri. Hayaƙin ɗanyen itace ya shigo ta ƙarƙashin asabari. Wani abu ya fara motsi a ƙirjina, amma ban yarda da shi ba tukuna.

Sai ga ta ta shigo. Ɗankwali a ɗaure tam, ƙanena a goye. Ba ta dubi inda nake ba. Ta dangwarar da ƙwarya a ƙasa har kunun ya fantsala a tabarma. Ta fuskanci Kaka.

"Iya, ki gaya wa wannan yaron in zai sha ya sha, ina son ƙwaryata. Mutum ya kwanta ya miƙe ƙafa, ya bar awaki suna kuka a turke tun safe."

Ta juya ta fita. Asabari ya bugi bango.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ka taɓa tsallake rafi, ruwa ya ɗauke ƙafarka, kana ta lalube, sai tafinka ya sauka a kan dutse? To haka. Ɗakin ya tsaya wuri ɗaya. Na ce wannan ita ce uwata. Na jawo ƙwaryar da hannu biyu, Kaka ta tallafe mini ƙeya. Kunun ya yi gudaji, yana warin hayaƙi, ga ɗacin ƙwayar da aka daka a ciki. Abincin mafarki bai taɓa yin muni haka ba. Na sha har ƙasa, na lashe bakin ƙwaryar.

"A hankali, mayunwaci," in ji Kaka. "Ko ka rage wa matarka." Mazarin ya suɓuce daga hannunta ya gangara, ba ta bi shi ba.

Na yi gumi a yammacin nan har tabarma ta jiƙe. Kafin a yanke gero na koma kiwo. Sai da na girma Gwaggo, ƙanwar Baba, ta gaya mini cewa da Inna ta fita ba madafa ta koma ba. Bayan ɗakin ta zagaya, ta tsaya cikin yayyafi, ta cusa bakin zanenta a baki don kada in ji kukanta, tana leƙe ta wata tsaga a bango har na shanye. Ni da Inna ba mu taɓa yin zancen ba. Kaka kuwa, har ta rasu, ban sake jin ta yi wa wani jika gargaɗin abinci a mafarki ba.

Abin da ya rage mini daga ciwon nan kyauta ce. Har yau nakan yi mafarki cikin mafarki, amma ba ya ruɗa ni. Da na ji muryar Inna ta kira sunana, na san inda nake. Da farko nakan yi ƙoƙarin farkawa. Daga baya na gane ba dole. Sai in nemi wuri a cikin mafarkin in zauna kusa da ita, ina sane barci nake yi. Wani lokaci in yi kamar ban ji ba don ta sake kira. Abincin dai ba na ci. In na ƙoshi da zaman sai in tashi da kaina.

Ya kuma yi mini rana. Shekarun baya, da masu bindiga suka fara shigowa ƙauyukanmu, sun ɗauke ni a gona tare da wasu. Ba zan ba ka labarin dajin ba. Abu ɗaya zan faɗa. A can kowa yana mafarkin gida. Wani da aka ɗaure mu tare yakan ga ya farka a ɗakinsa, matarsa na dama fura, sannan ya buɗe ido ya ga igiya a ƙafarsa. Wannan ya fi duka karya shi. Ni ma nakan farka a gida, amma da Inna ta fito ta kira sunana sai in ce to, hutu ne aka ba ni. In zauna in huta, in koma daji da ƙafata, ba a jefo ni ba.

Ranar da aka sako mu, wani ya kawo ni a kan mashin har ƙofar gida. Mutane suka taru, matata tana kuka, yara sun riƙe rigata. Na tsaya a bakin zaure ban shiga ba. Na riga na dawo gidan nan sau da yawa a mafarki. Sai Inna ta fito tana dogara sanda. Ta dubi ƙafafuna, ba ta dubi fuskata ba. Ta juya wurin matata.

"Ke, bar kukan nan ki ɗora ruwa. Wannan yaron ya yi dauɗa."

A lokacin gemuna ya fara fari. Na zauna a ƙasa a wurin, na yi hamdala. Na iso.

Yanzu muna gefen Funtuwa, mun bar ƙauye, muna noma 'yar gonar aro. Zamani ya juya. Matar ɗana tana kiran ɗanta na fari da sunansa daga safe har dare, tana ɗaga shi sama a gabana, tana ɗaukar hotonsa a waya. Ban ga laifinta ba. Da ta gama yi masa wankan dogon yaro shekaranjiya, ta rungume shi ta ba shi magani a cokali, ya sha bai yi gardama ba. Shi ba zai taɓa kallon uwarsa ya ce ba ita ba ce. Sai dai in mafarki ya ruɗa shi wata rana, sai ya nemi tasa alamar.

Inna tana nan da ranta, ɗakinta yana kallon nawa. Idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, bakin ne bai canza ba. Kowace safiya nakan durƙusa a ƙofarta in gaishe ta. Takan amsa tana fuskantar bango, sannan ta ce wa duk jikan da yake kusa ya gaya wa wannan yaron jinkar akurki tana yoyo. Nakan tashi da sauƙi a raina in je in duba akurkin. Wani lokaci nakan yi tunanin ranar da tsufa zai sa ta manta, ta dube ni ido biyu ta kira sunana. Ban san me zan yi ba a ranar. Yau da safe dai na je, ta ce da ni "kai". Alhamdu lillahi.